Me masanin abinci a fannin lafiyar al'umma yake yi, kuma ta ina ake shiga aikin?

Tambayar ta fito daga wata ɗaliba da ta gama sakandare a ɓangaren kimiyya. Tana sha'awar karanta fannin abinci mai gina jiki, amma a gida an ce mata ƙarshen abin dai girki ne a kicin ɗin asibiti, kuma wai ƙiba ciwon Turawa ne, mu nan yunwa ce ke damunmu. Tana son ta san me ake karantawa, wane aiki ake yi da shi, kuma ko akwai abin yi bayan an gama.

Ƙanwata, sana'o'i uku ne mutane ke cakuɗawa su kira su da suna ɗaya, kuma gara ki bambance su tun kafin ki cike fom ɗin JAMB. Akwai masanin abincin marasa lafiya, wanda ke aiki a asibiti da mutum ɗaya ɗaya. Shi ne ke lissafa wa mai ciwon ƙoda yawan furotin da gishirin da jikinsa zai iya ɗauka, ya tsara wa mai ciwon suga abincin yini, ya haɗa abin da za a ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya ta robar hanci. Wannan yana buƙatar digiri, sannan shekara guda ta samun horo a asibitin koyarwa. Akwai masanin sarrafa abinci, wanda wurinsa masana'anta ne da ɗakin gwaje-gwaje. Na uku shi ne wanda kika tambaya a kai, masanin abinci a fannin lafiyar al'umma. Shi majinyacinsa mazaɓa ce, ko ƙaramar hukuma, ko jiha baki ɗaya. Abin da yake tambaya kullum shi ne: cikin yara ɗari na wannan yanki, nawa ne suka rame, me ya ramar da su, wane mataki ne zai rage adadin da kuɗin da ke hannu, kuma bayan shekara ta yaya za a san ya ragu? Babu girki a cikin wannan sai na koyarwa. Mafi yawan aikin awo ne, da ƙidaya, da horar da ma'aikata, da zama da masu riƙe da kasafin kuɗi.

Hanyoyin shiga sun fi ɗaya. Mafi miƙewa ita ce digirin farko a kwas ɗin da takardar JAMB ke rubutawa Nutrition and Dietetics. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Najeriya ta Nsukka sun daɗe suna koyar da shi, a arewa kuma akwai shi a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana ba da difloma da babbar difloma. Ki tabbata kina da kiredit a Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fizis, sannan ki duba ƙa'idar jami'ar da kika zaɓa a shekarar da za ki nema, domin sukan sauya. Hanya ta biyu ita ce ta makarantar koyon kiwon lafiya, inda za ki fito ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ki yi aiki a asibitin sha-ka-tafi, daga baya ki ƙara karatu. Hanya ta uku ita ce ta likitoci da ma'aikatan jinya da masu digirin bayokemistiri, waɗanda ke yin digiri na biyu a lafiyar al'umma. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar ACEPHAP da ke ba da digiri na biyu a abinci na lafiyar al'umma da tsara manufofi. A ganina wanda ya biyo ta hanya ta biyu ya fi kowa sanin yadda abubuwa ke lalacewa a ƙasa, wanda ya biyo ta farko kuma ya fi sanin dalili. Duk wadda kika bi, sai kin nemi abin da ɗayar ke koyarwa.

Yanzu ga ainihin aikin. Mu fara da tamowa, tunda nan ne mafi yawan guraben aiki suke a arewa.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kashi 7 kuma sun rame. A arewa maso yamma tsumburewar ta haura rabi. Tsumburewa tana ginuwa ne a hankali, a kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma bayan nan da wuya a gyara ta. Rama kuwa ta gaggawa ce, ita ce ke kisa cikin makonni.

Kayan aikinki na farko wani siririn tef ne mai launi uku da ake auna dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Za ki lanƙwasa hannun hagu, ki nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, ki sa alama, ki saki hannun ya miƙe, sannan ki zagaya tef ɗin ba tare da matsewa ko sakewa ba. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Sai ki danna bayan ƙafafuwan yaron duka biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan kin ɗaga wurin ya loɓa a ƙafa biyun, wannan kumburin tamowa ne, kuma yaron yana cikin masu tsanani ko da tef ya nuna kore. A nan ake yawan tafka kuskure, domin yaro mai kumburi ga ido ɓul-ɓul yake, har iyaye su ce ya yi ƙiba.

Daga nan sai gwajin ci. Za a ba uwa ledar abincin tamowa, a zaunar da ita a gefe inda babu hayaniya, a ga ko yaron zai ci. Idan ya ci, kuma ba shi da zazzaɓi mai zafi, ko numfashi sama-sama, ko amai da gudawa masu tsanani, ko kumburin da ya kai fuska, to a gida za a yi jinyarsa, uwa ta riƙa kawo shi awo duk mako. Idan ya ƙi ci ko yana da ɗaya daga cikin waɗannan, kwantarwa ce. Wannan tsari na jinya a gida ya samu ne saboda abincin leda da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996: gyaɗa, madarar gari, sukari, mai, da bitamin da ma'adanai. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500, ba a dafa ta, ba a haɗa ta da ruwa, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa a cikinta. A yunwar 2005 a Nijar ne aka ga amfaninta a fili, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara a Maraɗi, galibinsu ba tare da an kwantar da su ba. Najeriya ta fara tsarin a 2009. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce a ba yaro abin da zai kai kalori 150 zuwa 185 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, don haka yaro mai kilo 7 zai ci leda biyu zuwa biyu da rabi. Katan guda leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata har ya warke. Ana haɗa masa da amozisilin a farko, a duba zazzaɓin cizon sauro, a ba da maganin tsutsar ciki, a cike rigakafin ƙyanda idan bai yi ba.

A ɗakin kwantarwa abin ya saɓa wa abin da hankali zai fara ba ki. Yaron da ya ƙanjame ba a cika masa ciki. Zuciyarsa da hantarsa da ƙodarsa duk sun rage aiki don su tsira da ɗan abin da ke shiga, idan aka afka musu da abinci mai yawa ko aka ɗaura masa ruwa ta jijiya barkatai, zuciyar na iya gazawa. Shi ya sa ake farawa da madarar F-75, mai kalori 75 a kowace mililita 100, kaɗan kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, har da tsakar dare. Ba a ba da maganin ƙarin jini a wannan mataki, domin sinadarin ƙarfe na iya rura cutar da ke jikinsa. Sai kumburi ya sabe, ci ya dawo, sannan a koma madarar F-100, wadda ta fi F-75 kalori, ko abincin leda. Abubuwa biyu da suka fi kashe waɗannan yara da dare su ne faɗuwar sukarin jini da sanyin jiki, kuma dukansu suna faruwa ne idan aka tsallake ciyarwar dare ko aka bar yaro ba rufi.

To ina masanin lafiyar al'umma a duk wannan? Shi ne ke duba lambobin cibiyoyin jinyar tamowa ashirin ko hamsin a ƙarshen wata. Mizanin da hukumomin agaji ke bi ya ce waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, mace-mace su gaza kashi 10, waɗanda suka daina zuwa su gaza kashi 15. Idan kika ga masu daina zuwa sun yi yawa a wata cibiya, aikinki ne ki gano dalili. Sau da yawa za ki tarar kaya ne suka yanke na mako uku, uwa ta yi tattakin kilomita goma sau biyu ta koma hannu rabbana, ba ta sake dawowa ba. Ko damina ce ta faɗi, kowa yana gona. Ko maigida ne bai ba da izini ba. Idan kuma yaro yana zuwa amma nauyinsa ba ya hawa, ki binciki abu uku: ana raba ledar da yayyensa, ana sayar da ita, ko akwai wata cuta a ɓoye kamar tarin fuka. Kowanne maganinsa daban. Akwai kuma wata dabara da aka gwada a Mirriya ta jihar Damagaram, inda ƙungiyar ALIMA da abokan aikinta suka koya wa iyaye mata auna dantsen 'ya'yansu da kansu. An ga suna kawo yara da wuri, kafin ciwo ya kai ga kwantarwa, kuma yanzu ƙasashe da yawa sun ɗauki tsarin.

Aikin rigakafi ya fi faɗi amma bayaninsa gajere ne. Shayar da nono zalla har wata shida ba ko ruwa, wanda a binciken 2018 kashi 29 ne kawai na jarirai ke samu. Hana zubar da dakashi. Gyara kunun yaye, domin koko tsinkakke ciki kawai yake cikawa. Sai an yi shi da kauri an sa garin gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, garin kifi ko zogale. Bitamin A sau biyu a shekara, shuɗin ƙwanso ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan wata 12 zuwa 59. Zinki na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Maganin ƙarin jini ga masu ciki.

Sai batun ƙiba, wanda aka ce miki ba namu ba ne. Binciken nan na 2018 da ya ƙidaya tsumburarrun yara, shi ne kuma ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima ko suna da teɓa, abin ya fi yawa a birane. A duniya, Hukumar Lafiya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas yana da teɓa. Ba abin mamaki ba ne ki shiga gida ɗaya a Kano ko Kaduna ki tarar da uwa mai teɓa da ƙarancin jini, a bayanta kuma goyon da ya tsumbure. Tukunya ɗaya suke ci: tuwo ko shinkafa ko taliya da yawa, mai da ɗanɗano, wake da ganye da nama kaɗan. Ga babba wannan kalori ne fiye da buƙata, ga yaro kuma rashin abin gina jiki ne. Akwai kuma wata alaƙa mai zurfi. Binciken da aka yi kan mutanen da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945 ya nuna sun fi sauran kamuwa da ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Jikin da ya saba da rashi tun a ciki yakan koyi ɓoye duk abin da ya samu. Ma'ana, yaran da muke aunawa yau da jan tef, wasunsu ne za su cika layin masu hawan jini nan da shekara talatin idan suka koma birni. Saboda haka ma'aikacin da tamowa kaɗai ya iya, rabin sana'ar ya koya.

Awon manya shi ne BMI, ma'aunin da ke gwada nauyi da tsayi: nauyi da kilo, a raba shi da tsayi da mita sau kansa. Mace mai kilo 82 da tsayin mita 1.60, za ki ninka 1.60 da 1.60 ki samu 2.56, ki raba 82 da shi, ya ba ki 32. Ƙasa da 18.5 rama ce, 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama teɓa ce. Amma wannan lissafi bai san inda kitsen yake ba, kuma kitsen ciki shi ne mai haɗari, don haka ki haɗa da awon ƙugu, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan mutum ya fitar da numfashi. Ya wuce santimita 88 ga mace ko 102 ga namiji, haɗarin ya yi yawa. Ba a amfani da BMI na manya ga mai ciki ko ga yara, su jadawalinsu daban. Duk wanda kika samu da teɓa, a auna masa jini da suga: awon jini 140 bisa 90 ko sama da haka, ko sukarin safe kafin karyawa da ya kai milimol 7.0 a kowace lita ta jini, sai likita.

Shawarar da ke aiki ita ce mai lamba, wadda aka gina a kan abin da mutum ke ci da gaske. Kwalbar lemon kwalba ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da ya kamata babba ya sha a yini gaba ɗaya, kuma ba a lissafa na shayi da na zoɓo da na fura ba. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, ko na gyaɗa ne ko manja. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen ɗanɗano wajen rabinsa gishiri ne. Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Burin farko rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, da suka gyara ci suka riƙa motsa jiki, kamuwar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Inda sababbin ma'aikata ke faɗuwa shi ne kwafo jadawalin abinci daga littafin waje su miƙa wa matar da ba ita ke cefane ba, kuma tukunyar mutum goma sha biyu take ɗorawa. Ki tambayi wa ke sayen abinci, wa ke rabawa, sannan ki nemi sauyin da gidan zai iya: rage malmala, ƙara miyar ganye, wake sau uku a mako, daina soya abin da za a iya gasawa. Ki kuma sani a wurare da yawa ƙiba alamar hutu ce da jin daɗin aure, har 'yan mata na sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda galibi dezametason ne ko maganin buɗe ci. Dezametason yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya tayar da suga da hawan jini, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a tsayar mata da shi rana ɗaya, sai likita ya janye a hankali.

Sai dai wa'azi ga mutum ɗaya ɗaya bai taɓa rage teɓar ƙasa ba, shi ya sa manyan masana fannin suke komawa kan doka da farashi. Najeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a farkon shekarun 1990, ta kuma wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, NAFDAC na sa ido. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta lemon zaƙi. Meziko ta sa irin wannan haraji a 2014, Chile kuma ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban kwalin abinci mai yawan sukari ko gishiri ko kitse a 2016. Ra'ayina shi ne naira 10 ta yi kaɗan ƙwarai, domin hauhawar farashi ta cinye ta, mai saye ba ya jin ta a aljihu. Wanda zai zauna gaban 'yan majalisa ya nuna wannan da alƙaluma, shi ma masanin abinci ne.

Wuraren aiki: sashen abinci na ma'aikatar lafiya ta jiha, hukumar kula da lafiya a matakin farko, ofishin jami'in abinci na ƙaramar hukuma, NAFDAC, asibitocin koyarwa, jami'o'i, da hukumomi irin su UNICEF, WFP, Save the Children, Helen Keller, MSF da ALIMA. Ƙungiyoyin waje sun fi biya, amma kwangila ce ta shekara ɗaya ko biyu da ke rataye a wuyan mai ba da tallafi. A 2025, da gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, ayyuka da dama sun tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Aikin gwamnati albashinsa bai kai ba, amma yana da dorewa, kuma can ne ake koyon yadda ake ƙwato kuɗin da aka rubuta a kasafi ba a saki ba. Ki kuma sani wasu guraben suna yankunan da ke fama da rashin tsaro, ki yi wannan magana da iyayenki tun da wuri.

Abin da ke raba masu samun aiki da masu yawo da takarda shi ne iya awo da iya sarrafa bayanai. A binciken SMART, wanda da shi ake sanin ko rama ta kai kashi 15 cikin ɗari a wani yanki har a ayyana halin gaggawa, kafin a tura ki fili sai kin auna yara goma sau biyu an gwada ko sakamakonki na daidaituwa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a kwance ake auna shi a kan allo, mutum biyu, ɗaya riƙe da kai ɗaya da gwiwoyi. Ana gwada sikeli da nauyin da aka sani kowace safiya. Nauyi ana rubuta shi har zuwa giram 100, kuma idan kika saba cike lamba zuwa sifili ko biyar, manhajar da ke lissafa awon za ta tona ki. Shekarun yaro su ne babbar matsala inda babu takardar haihuwa, sai da kalandar gari: kafin babbar sallah aka haife shi ko bayanta, an yi girbin gero ko ba a yi ba. Kuskuren wata uku ya isa ya mai da lafiyayyen yaro tsumburarre a takarda. Ki koyi Excel da kyau tun kina aji biyu, sannan KoboToolbox ko ODK na tattara bayanai da waya, WHO Anthro da ENA na lissafin awon yara, DHIS2 da cibiyoyin lafiyar gwamnati ke shigar da rahoton wata, daga baya SPSS ko Stata ko R. Ki yi rajista da Ƙungiyar Masana Abinci ta Najeriya tun kina ɗaliba. Lokacin hutu kuma ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ranar awon yara, ki nemi izinin mai kula da wurin ki riƙa taya su riƙe allo da cike kati, ki kuma roƙi a ba ki takardar shaida idan kin gama, domin ita za ki haɗa da takardar neman aikinki na farko.